Murjanin Ya Mutu, Yaya

Daga Fatakwal

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya jikin Inna? Da fatan Anti Rabi da yara suna lafiya. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata.

Murjanin da ke cikin tankin kifin teku na otal ɗinmu, halittar nan mai rai da ke girma a ruwa kamar shuka, ya mutu. Shekara shida ina rainonsa. Lokacin da fitilar tankin ta ƙone, na gaya maka murjani mai rai sai da hasken wani ƙwan fitila na musamman da ake kira halaid, da cok, na'urar da ke daidaita wa ƙwan wuta. Ka ce in bar ɓarna, in je kasuwar Anaca wurin surukinka Alhaji Ɗanlami, yana da mai araha. Na je don girmanka. Ya haɗa mini ƙwai da cok na fitilar titi, ya rantse duk ɗaya ne. Kwana tara ƙwan ya fashe. Kafin a samo wani, murjanin ya yi fari fat.

Manaja ya tsayar da ni gaban ma'aikata ya ce, "Malam, you don kill am," wato na kashe shi. Ya karɓe makullin tankin, yanzu gadin motoci nake yi.

Da na koma wa Alhaji, sai ya ce kai ka umarce shi ya sallame ni da kwantan kayansa, wai ai kifi ne kawai.

Ba na neman komai a wurinka. Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Amma in ta tambaya, kada ka ce mata ni da kai muna lafiya.

Ƙaninka,
Nasiru