Ƙorafi Kan Mai Gadin Da Ke Raba Wa Marasa Lafiya Likitoci

Daga: Nawal Abdul-Maksud, matar Rayyis Garib, Unguwar Masunta, Rashid

Zuwa ga: Mai girma Ustaz Fikri al-Damanhuri, Shugaban Kwamitin Benen Likitoci na Abu Shusha

Lahadi, 12 ga Mayu, 2024

Game da: Na'urar hawa bene da ta mutu, da abin da mutuwarta ta jawo wa mijina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda a madadin mijina, wanda ya shekara ashirin da shida yana tuƙa jirgin fito a Kogin Nilu. Tun bayan ƙaramar salla jiri ke ɗibarsa. Ranar Alhamis mai zuwa, 16 ga wata, zai je gwajin lafiya na sabunta lasisinsa, kuma idan ya yi tangaɗi a gaban masu gwajin, shi da jirgi sun rabu ke nan. Ga abin da ya same shi a benenku.

1. Ranar Asabar 13 ga Afrilu ya iso, ya tarar da allunan likitoci goma sha tara a bango, ya rasa inda zai nufa. Sai ya tambayi mai gadinku, Am Shahata. Daga baya na gane cewa tun da na'urar hawa ta mutu, bawan Allah nan ba ya tambayar mutum abin da ke damunsa. Ƙafafunsa yake dubawa, ya kimanta hawa nawa zai iya, ya tura shi can. Da ya ga mijina na dafa bango, ya ba shi hawa na ɗaya, wurin likitan ido. Ya dawo gida da tabarau. Yanzu yana ganin ɗakin tar yayin da yake juya masa.

2. Ranar 20 ga Afrilu mai gadin ya ce ya ga alamar ƙarfi a jikinsa, ya ƙara masa hawa guda. Likitan haƙori ne a can. Ya cire masa haƙorin turmi ɗaya wanda bai taɓa yi wa kowa laifi ba.

3. Ranar 27 ga Afrilu, hawa na uku. Ina jin nauyin rubuta wannan, ranka ya daɗe. Mijina mutum ne mai kunya, ba ya yawan tambaya. Ya karɓi lamba, ya zauna awa biyu a tsakiyar mata masu ciki, a zatonsa jiri ya yi yawa a gari. Sai da ma'aikaciyar wurin ta tambaye shi cikin uwargida wata nawa ne, sannan ya gane wurin likitan mata yake. Labarin ya riga shi isa bakin kogi, har yau abokan aikinsa na tambayarsa yaushe ne suna.

4. Ranar 4 ga Mayu likitan zuciya na hawa na huɗu ya ce zuciyar mijina ta fi tasa lafiya. Wannan kaɗai ne bai raba shi da komai ba, Allah ya saka masa.

5. Jiya na ajiye wankina na raka shi da kaina. Na ce wa Am Shahata ya ɗaga daga bencinsa in duba allunan da idona, sai ga wani ƙaramin allo da bencin da butar shayinsa suka rufe: Dakta Samah, likitar da ke duba mutum gaba ɗaya ta faɗa masa ƙwararren da ya dace da shi. Ɗakinta na ƙarƙashin matakala, babu hawa ko ɗaya. Ta saurare shi, ta kwantar da shi, ta juya masa kai, cikin minti goma ta ce matsalar a can cikin kunne take, kuma abu ne mai gyaruwa. Ta rubuta masa takarda zuwa ga likitan kunne.

6. Likitan kunne yana hawa na tara.

Da na tuhumi mai gadin, ko a jikinsa. Cewa ya yi, “Haba Madam, ai da kun yi haƙuri, mako biyar ya rage ya isa can.”

Ba na neman a kori Am Shahata, yana da iyali, kuma ba shi ya kashe na'urar ba. Amma ina so ku sani cewa mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron ruwa ba, yanzu kullum da safe yakan je bakin kogi ya zauna yana kallon wani na tuƙa jirginsa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi a gyara na'urar kafin Laraba, ko a roƙi likitan kunne ya sauko, tunda shi ba ya jin jiri. A kuma matsar da bencin nan daga gaban allon Dakta Samah.

Idan duka ba su samu ba, ranar Laraba da hantsi matuƙa jirgi huɗu za su ɗauki mijina a kan kujera har hawa na tara. An gaya mini ofishinka na hawa na biyar. Nan za su sauke shi su huta, kuma ni ma ina tare da su.

Na haɗo da tabarau da haƙorin a matsayin shaida. A dawo mini da tabarau, yana yi mini amfani wajen tsintar shinkafa. Haƙorin kuwa kwamiti ya riƙe.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ƙafafu masu ƙarfi.

Mai biyayya,
Nawal Abdul-Maksud