Katin Lafiyar da Ya Raba Ni da 'Yata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfaninmu na sayen kashu, Parakou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ranka ya daɗe, ni ne Alasan, mai awo a rumbunku na ƙauye, bayan Djougou. Na rubuta a fili ne don bencin ofishinku ya gaji da ni.

Na farko. Kun ba mu katin asirans, wato inshorar lafiya, ana kuma yankar albashinmu daidai da ma'aikatan Parakou. Amma asibitocin da kuka yi yarjejeniya da su duk a Parakou suke. A namu asibitin, malamar jinya ta juya katin gaba da baya, ta yaba hotona, ta miƙo mini abina.

Na biyu. 'Yata Rabi tana da sikila. Ranar da ciwon ya taso mata da damina, a kan cinyata ta yi tafiyar Parakou cikin motar haya, tana cizon rigata. Daga nan na mayar da ita da uwarta unguwar Albarika a Parakou, gidan wana, kusa da inda kati ke aiki. Ni na zauna da sikeli.

Na uku, wannan ba ya cikin takardunku. Gidana ya yi shiru. Har yau idan mai ƙosai ta wuce, na mutum uku nake saye, sai na shiga soro in tuna. Ina kewarsu, wallahi, kewar da ke hana ni cin ko nawa kason. Lokacin kashu kuwa babu hutu, sai da aka rufe awo na samu zuwa. Na sauka daga zem, babur ɗin haya, da tsarabar kasuwar Arzèkè a hannu. Rabi ta fito, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta ruga ciki tana cewa, “Inna, Baba ya yi baƙo!” Wana take nufi da Baba.

Ba ƙarin albashi nake roƙo ba. Ku yi yarjejeniya da asibiti ko guda a Djougou, kati ya yi aiki inda muke muku aiki, iyalina su dawo gida.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya ɗaukaka kamfani. Allah kada ya nuna maka ranar da 'yarka za ta kawo maka ruwan baƙo.

Wassalam.
Alasan mai awo, Djougou.