Cikin Ƙarama

Zuwa ga ƙanena Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da ɗan naku ƙwaya ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ka ce in daina taka keke saboda ita, kamar kai za ka zo ka ɗinka wa mutane kayansu.

Na zaɓi takarda ne don na san halinka. In na buga waya za ka ce kana tiyata, ko ka rufe ni da Turanci. Takarda kuwa dole ka kai ƙarshenta.

Ranar Talata ina shago ina yanka wa wata mata riga, rediyo na kunne, sai na ji muryarka. Har na ajiye almakashi don murna. Ashe abin kunya zan ji. Wai mutane sun yi yawa, asibitoci da makarantu ba sa ɗauka, kowane gida ya tsaya a 'ya'ya uku. Mai kitson da ke jikin shagona ta leƙo ta ce, "Ba ƙaninki ba ne wannan? Shi na nawa ne a ɗakinku?" Na ce na goma. Matan da ke shagon suka yi ta dariya, har da mai riƙe ciki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Mu goma sha ɗaya Inna ta haifa a ɗaki biyu, ban kuma taɓa jin ta ce wani ya yi mata yawa ba. Ni na goya ka har bayana ya saɓule. Yayanka mai walda ya bar makaranta don kai ka yi. Yau ka hau kujera mai juyawa kana ƙirga mu kamar kaji. Waɗanda suka ɗora ka a kan wannan magana, masu zuwa unguwarmu da fararen motoci, sun taɓa kawo mana famfo? Allura da ƙwayar hana haihuwa kullum akwai, kyauta. Maganin zazzaɓi kuma a ce ya ƙare.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. 'Yata Ƙarama tana da ciki, wata biyu. Mijinta Injiniya, wanda injiniyancinsa bai wuce gyaran janareto ba, bakinsa ya ƙi rufuwa. Sai dai tun haihuwarta ta biyu numfashinta bai koma daidai ba, ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta huta. Na ce ta zo ka duba ta ranar Litinin. Ka duba ta a matsayin kawunta. Mutumin rediyon nan ka bar shi a ofis.

Ka gaida matarka, in tana amsa gaisuwar irinmu.

Yayarka.

*

Likita,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau.

Ƙarama ta shigo mini shago jiya da rana, katin asibiti a hannunta, idanunta sun kumbura. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Wai ka sa an yi mata hoton zuciya, ka ce zuciyar ta buɗe, ba ta harba jini yadda ya kamata, ba za ta iya ɗaukar cikin nan zuwa wata tara ba. Wai har ka sa mata rana, Alhamis da safe. Ka kira shi wankin ciki. Wanki! Tufa ne? Ka faɗi sunansa na gaskiya mana. Jikana za ka zubar a roba.

Na aiko maka yarinya ka ba ta magani, kai kuma ka ga nama ya kawo kansa. Mutum nawa masu fararen motocin nan suke so ka kawo musu a wata? Ka rasa wadda za ka cika lissafinka da ita sai 'yar yayarka?

Na karanta takardar da ka ba ta ta kawo mini. Ka ce wannan ba ruwansa da maganar rediyo, ko 'ya'ya ashirin take so ba ka da matsala in zuciyarta lafiya take. Ka ce ka tambayi malamai, sun ce in ran uwa na cikin haɗari an yarda. Ni ma ina da malamin da zan tambaya. Amma wa ya ce ranta na cikin haɗari? Kai. Kai da ka fito duniya ta ji ka kana cewa mun yi yawa. Yaya zan yi in yarda da awonka? Ko a shagona, wanda ba ya son yadi ba na ba shi almakashi. Kuma likitoci nawa suka ce wa Inna kada ta ƙara haihuwa bayan ta takwas? Ta ƙara uku, ta rayu har ta ga digirinka.

Kada ka ce ni na hana ta. Na tambaye ta a gaban mijinta, shi ya sunkuyar da kai, ya ce duk abin da aka yanke. Ita ta ce, "Mama, ranar da aka yi hoton na ji bugun zuciyarsa a na'ura. Tasa lafiya lau take bugawa. Ba zan iya kwanciya a cire shi ba." Ban sa mata wannan magana a baki ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗinta, na kuma sa mata albarka.

Na ɗauko ta da yaranta mata biyu, sun dawo gidana. Ba za ta ɗaga ko bokiti ba. Magungunan da ka rubuta za ta sha, za ta kuma riƙa zuwa awo, amma wurin abokiyar aikinka, ba wurinka ba. Ranar Alhamis kada ka jira kowa.

Kai ka zaɓi gidanka shiru, yaro ɗaya da kyanwa, ana jin ƙarar agogo daga ƙofa. Allah ya ba ka abin da kake so. Namu gidan ka bar mana shi da hayaniyarsa. Kada ka zo, kada ka aiko matarka da lallashi.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so.

*

Likita,

Assalamu alaikum. Ina fata ka samu ka huta, don na ga yadda ka rame.

A kan bencin da ke ƙofar ɗakin masu jinya ta musamman nake rubuta wannan. Nas ce za ta miƙa maka, tunda ka wuce ni sau huɗu yau ba ka dube ni ba.

Wata biyar ban neme ka ba, kai ma ba ka neme ni ba, sai dai ka riƙa kiran Injiniya a ɓoye. Na sani. Na kuma san kai ke duba katinta a bayan abokiyar aikinka, rubutunka kamar tafiyar tururuwa ba ya ɓuya mini. Na yi shiru ne kawai.

Abin da ba ka gani ba shi ne zaman da muka yi a gida. Tun cikin na wata shida ta daina kwanciya, a zaune take barci, na jera mata matashi huɗu. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin mijinta ba ya shigar ta. Duk da haka tana zaune kusa da kekena tana haɗa 'yan riguna da ƙyallayen da suka rage, tana tsokanata wai ɗinkina ya tsufa. Shekaranjiya da hantsi tana ba ƙaramar 'yarta ruwa, kofin ya faɗi, leɓɓanta suka yi baƙi. Mai kitso ce ta tare mana mota.

Na ga gudun da ka yi da aka shigo da ita. Na ga ka tura gadon da hannunka, kana yi wa ma'aikata tsawa. Ban hana ka wannan ba. Amma da ka fito daga tiyata, a gaban surukina, a gaban nas-nas da masu shara, ka cire abin rufe bakinka ka ce, "Yaya, ga aikinki nan." Ni ka faɗa wa haka. Ni da na wanke maka kashi. Ko kai ne ka halicci zuciyar ba ka isa ba.

Na je na ga yaron a cikin kwalba. Namiji ne, bakwaini, bai fi tafin hannuna biyu ba, da roba a hanci. Yatsunsa biyar-biyar, har da farce. Ya kama ɗan yatsan nas ya ƙi saki. Wannan shi ne abin da ka sa wa rana. Ka je ka tsaya a kansa ka dube shi da kyau, sannan ka zo ka maimaita mini maganarka.

Ƙarama ta buɗe ido ɗazu. Sun bar ni na shiga minti biyar. Ba ta iya magana sosai, na'urori sun kewaye ta. Na ce mata namiji ne, ta yi murmushi. Za ta tashi, in Allah ya yarda, za ta tashi ka ji kunya.

Ka yi mata duk abin da ka iya. Ba roƙonka nake yi ba, aikinka ne. To, ina roƙonka. Ka yi mata.

Yayarka.

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya haƙuri? Ina gaida matarka, ka ce na gode da zaman da ta yi da yaran nan a kwanakin farko. Ban zaci haka daga gare ta ba, na kuma faɗi abin da na faɗa a kanta, Allah ya yafe mini.

Yau wata biyu da rasuwar Ƙarama. Kwana tara ta yi tana fama. Kai ka rufe mata ido, ni ina waje ina alwala. Tun ranar ba ka ce mini uffan ba. Ka zo gaisuwa ka zauna cikin maza, ka tashi ka tafi. Da ma zagina ka yi.

An sallamo yaron mako uku da suka wuce. Yana wurina. Ubansa ba ya iya kallonsa. Yakan zo da yamma ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya tambayi ko akwai abin da ake buƙata, ya juya. 'Yan matan ya kai su wurin mahaifiyarsa. Babbar ta daina tambaya. Ƙaramar har yanzu in ta zo sai ta leƙa bayan labule. Shago na rufe shi, mai kitso ke mayar wa mutane yadinsu.

Na san abin da kake jira. Kana jira in ce ka yi gaskiya. To, abin da ka ce zai faru ya faru. Awonka daidai ne, ba lissafin kowa kake cikawa ba, wannan ƙazafi na yi maka. Na rubuta, ka ajiye takardar ka riƙa dubawa in hakan zai sanyaya maka rai.

Amma kada ka ɗauka na dawo layinka. Gobe in na ji ka a rediyo kana ƙirga 'ya'yan mutane, kashe shi zan yi. Kuma ba zan iya ɗaukar yaron nan a cinyata, yana numfashi, yana ɓata fuska irin ta uwarsa, in ce da ma babu shi ba. Na gwada, bakina ya ƙi. Haka kuma ba zan iya kallon 'yan matan nan in ce na kyauta ba. Kullum ina tambayar kaina, da ranar da ta shigo shago tana kuka na ce mata, je ki, ki bi maganar kawunki, da ta je? Ta ce ra'ayinta ne. Amma ni na raine ta, na san tun tana ƙarama fuskata take kallo kafin ta ce tana son abu. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Ba na neman ka sauke mini, kai ma ba ka da ikon ƙara mini.

Akwai saƙon da na riƙe ban ba ka ba, saboda fushi. Kwana biyu kafin ta cika ta ce da ni, "Mama, ki ce wa Kawu kada ya ji haushin yaron. Shi bai san komai ba." Na isar. Nauyin ya bar wuyana.

Nas ta gaya mini duk kwanakin da ya yi a kwalba ba ka taɓa shiga ɗakin ba, sai dai ka karanta katinsa a tebur. Ni ka ji haushina har mu mutu, na yarda, ni ma ban gama jin naka ba. Amma yaron nan tun jiya yake ƙin madara, in ya sha kaɗan sai ya dawo da ita, kuma ina jin wani ɗan ƙara a ƙirjinsa. Na san akwai likitoci a ko'ina. Ba su nake so ba. Wancan karon ka faɗa mini gaskiya na ƙi ji. Wannan karon duk abin da ka ce a yi masa, shi zan yi.

Ka zo yau. Ba sai ka gaishe ni ba. Yana ɗakin uwarsa, ƙofa ta biyu, ka shiga kai tsaye. In ba ka son ganina zan zauna a kicin har ka gama.

Yayarka.