Yadda Hadiza Ta Ɗinke Min Ƙafa

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fatan ciwon bayan nan naka ya yi sauƙi. Mu nan Kademi lafiya lau, gyaɗa ta yi kyau bana.

Labarin 'yarka Hadiza zan ba ka. Watan jiya fartanya ta sare ni a ƙafa, aka kai ni asibitin da take aiki. Ta duba ta ce sai an ɗinke, amma almakashi da sauran ƙarafan suna cikin wani akwatin lantarki ana gasa su. Ba ruwa, ba tururi, zafi zalla ne ke kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu.

Azaba ta ishe ni, na ce, "Ke Hadiza, buɗe ki ɗauko mana, ai sun yi zafi!"

Ta ce, "Gwaggo, in na buɗe yanzu sai an sake daga farko. Gara ki yi fushi da ni yau, da ƙafar nan ta ruɓe."

Ta durƙusa ta danne ciwon da auduga, tana ja na da hira har kayan suka gasu, suka huce, sannan ta ɗinke. Yaya, ko ɗigon mugunya ban gani ba. Jiya da ƙafata na zaga kasuwar Ajingi. Yarinyar nan ta san aikinta, ka kira ta ka sa mata albarka.

Ka gaishe da Binta da yara, ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Ladidi