Tsayin Tayil a Ɗakin Ƙasa

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan Inna da iyalinka suna lafiya. Ni alhamdu lillahi. A nan ƙasar waje muna karɓa-karɓar katifa da abokan haya, amma masanin zane irina ba ya kokawa da ƙananan al'amura.

Bayan haka, da ka umarce ni in gyara zane in ɗaga tayil ɗin bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa na sabon gidanmu daga gwiwa zuwa ƙirji, ban nemi dalili ba. Manhajar zanen ta yi mini taurin kai: in na ja tayil sama, sai filastar ta bi shi ta huda rufi. Sai da na raba bangon gida biyu na ƙayyade wa kowanne tsayinsa, gwanintar da ko ubangidana bai mallaka ba. Na ɗauka littattafaina kake karewa daga danshi, tunda a gaban Inna ka ce ni ka bar wa ɗakin.

Jiya Auta ta kira ni tana dariya: "Injiniya, kifaye suna godiya, sun ce ɗakinka akwai sanyi."

Ashe kiwon kifi ka shirya, kuma da hannuna ka sa na kori kaina. Da ka faɗa mini gaskiya, wallahi har magudanar ruwa zan zana maka, a ilmance.

Na fasa dawowa bana, na sabunta takardar zamana. Don Allah ka ce wa Inna aiki ne ya riƙe ni. Allah ya sa wa sana'ar albarka.

Ƙaninka,
Injiniya