Huɗu Cikin Goma

Litinin, 2 ga Yuni

Sharhina kan wasan bidiyo na Kwarin Ƙararrawa ya hau shafinmu da ƙarfe goma na safe. Mu ne na farko, babu wanda ya riga mu. Edita har ya leƙo daga ofishinsa ya ɗaga mini babban yatsa.

Huɗu cikin goma na ba shi, ko ɗar ban ji ba. Wasan almara ne, kai ne 'yar wani maƙeri da ke bin ƙauyuka tana neman ƙararrawar garinsu da dodanni suka sace. Labarin ba laifi. Amma zanen! Fuskokin mutane kamar da gatari aka sassaƙa su. Kogi a kwance kamar tabarma. Ga rigar yarinyar, tabo sai fitowa yake yi a jikinta, ja nan, shuɗi can. Na rubuta cewa kuskure ne da ko ɗan koyo ba zai bari ya fita ba. Jimlar ta yi mini daɗi, sau biyu na karanta ta.

Dogo, da teburinsa ke kallon nawa, ya ce, "Mutumina, su uku ne fa suka yi shi, a falon gidan ɗayansu." Na ce mai saye ba ruwansa da su nawa ne, abin da idonsa ya gani shi ya sani.

Talata, 3 ga Yuni

Yaya ta iso. Ta zame a matakalar shagon ɗinkinta, ƙafar hagu ta karye, likita ya ce mako shida ba takawa. Gidanta a bene yake, nawa a ƙasa, shi ke nan aka kawo mini ita da akwati biyu da sanda. Ko zama ba ta gama yi ba ta kalli labulen falona ta ce, "Auta, wane mugun ne ya yi maka wannan kalmasar?" Shekarata talatin da takwas, har yau Auta.

Alhamis, 5 ga Yuni

Musu da Dogo lokacin cin abincin rana, har shayina ya huce. Shi dai ra'ayinsa bai kamata a auna aikin mutum uku da ma'aunin kamfani mai ma'aikata ɗari biyar ba. Ni kuma na ce ma'auni biyu ai shi ne rashin adalcin. In ka tausaya wa mai yi, wa zai tausaya wa mai bugawa da zai kashe awa arba'in yana kallon fuskar itace?

Sai ya tuna mini wasan Kambun Garwashi, wanda na ba tara bara. Ya ce, "Yaya sunan jarumin?"

Na tuna hasken rana a kan takobinsa. Na tuna gashin dokinsa ɗaya bayan ɗaya. Sunan ne ya ƙi zuwa. Dogo ya ci gaba da cin burodinsa. Da ya yi dariya ma da ya fi mini.

Duk da haka ina kan bakana. Zane ba ado ba ne, ta nan ake shiga wasa.

Juma'a, 6 ga Yuni

Shafuka huɗu sun ɗauki jimlata ta ɗan koyo. Wani ma ya sa ta a kanun labarinsa.

Asabar, 7 ga Yuni

Zaman ya ishi Yaya. Ta gyara maɓallan rigunana duka, har waɗanda ba su ce komai ba. Don in samu lafiya na kunna mata Kwarin Ƙararrawa, tunda ba ya son sauri. Ba ta taɓa buga wasa ba a rayuwarta. Ta riƙe abin dannawar da yatsa biyu kamar almakashi, ta yi minti goma tana buga kan yarinyar da bango. Na fita sayen gas. Da na dawo na tarar ta bar ƙauyen farko, tana faɗa da wani dodo da baki: "Matsa mini, mara kunya!"

Litinin, 9 ga Yuni

Saƙo ya shigo daga wanda ya yi zanen wasan. Na buɗe da shirin zagi, na saba. Ba zagi. Layi biyar. Ya gode da na ba wasansu lokaci. Ya ce maganar fuskoki gaskiyata ce, shi ma sun dame shi, abin da hannunsa ya iya ke nan. Sai ya ce tambaya ɗaya yake da ita: awa nawa na buga kafin na rubuta?

Ban amsa ba. Ba dole ba ne.

Laraba, 11 ga Yuni

Na dawo daga aiki da yamma, Yaya na kan kujera, ƙafar a kan matashi, tabarau a ƙarshen hanci.

"Auta, zo nan. Wanda ya yi wannan abin a gidan tela ya tashi."

Na ce me ta gani. Ta nuna rigar yarinyar da ƙarshen sandarta. "Dubi facin nan."

Na ce ba faci ba ne, kuskuren zane ne, launi ne ke zuba inda bai kamata ba.

Ta cire tabaran ta dube ni. Irin kallon da take yi mini tun ina aji uku.

Jan da ke kafaɗa, in ji ta, tsohuwar nan ta cikin wasan ce ta ɗinka, wadda aka nemo wa akuyarta. Shi ya sa ɗinkin ya yi faɗi ya karkace, ai tsohuwar ba ta gani sosai. Shuɗin da ke gwiwar hannu na mai kwale-kwale ne, ƙulli-ƙulli ya yi shi yadda ake gyaran raga. Duk wanda ka taimaka wa, in ka kwana a gidansa, da safe za ka tarar ya toshe maka wata ɓarakar da abin da yake da shi. Babu wanda ke faɗa maka. Sai dai ka lura.

Na matso da hoton kusa. Ga zaren nan. Ana ganin inda allura ta shiga da inda ta fita.

Ni ban tsaya neman akuyar kowa da zuciya ɗaya ba, gudu nake yi in kai inda zan iya rubutu. Biyu ko uku na yi, na ga tabo ya fito, na ɗauki hoto na ce na kama su.

Yaya ta ce, "Kai ba ka kai nan ba ne?" Na ce zan dafa mana shinkafa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na duba abin da na'urar ta ajiye. Awa biyar da minti goma.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na shiga wurin Edita na rufe ƙofa. Na faɗa masa komai. Ya jima yana juya biro.

Gyaran kuskure, ya ce, wannan dole ne, a yi shi yau ma. Amma maki ba ya motsi. "Ranar da muka canza wa ɗaya, gobe kowane kamfani zai aiko mana da wasiƙa mai daɗi. Kuma masu karatu za su ce ashe lambarmu ta roba ce."

Na ce lambar a kan kuskure ta tsaya.

Ya ce, "Duka? Fuskokin sun gyaru ne? Kogin ya fara gudu?"

A'a.

Abin haushin, yana da gaskiya ta wani gefen. Wani abin haushin kuma, shi ne ya ce mini ranar Juma'ar da ta gabaci sharhin in tabbata mun riga kowa. Na so in tuna masa. Ban yi ba, don ba shi ya rubuta ɗan koyo ba.

Na roƙi kwana goma in buga wasan har ƙarshe kafin in rubuta gyaran. Ya ce bakwai.

Asabar, 14 ga Yuni

Na faro daga farko. Yaya na gefe tana ba da umarni kamar mai koya wa direba. "Koma, ba ka gaida matar nan ba." "Kai komai gudu, wa ke bin ka?"

Litinin, 16 ga Yuni

Na ɗauka Dogo zai yi murna. Sai ya ja kujera ya ce, "Kada dai kunya ta sa ka ba su tara. Wannan ma zalunci ne, sai dai ya juya gefe." Na ce ai shi ne mai cewa a tausaya musu. Ya ce shi bai taɓa cewa tausayi ba, cewa ya yi a duba abin da suka yi niyyar yi, sannan a ga ko sun yi shi.

Na yi ta juya maganar a motar haya. Anya haka ya ce ranar? Wataƙila. Wataƙila ni ne na ji abin da ya fi sauƙin kayarwa.

Laraba, 18 ga Yuni

Awa ashirin da shida. Rigar ta kusa zama faci zalla. Akwai wani ƙauye da na yi wa mai gadin gada ƙarya don in wuce da sauri. Na kwana a gidansa, da safe rigar tana nan yadda take, ɓarakar a buɗe. Rabona da jin kunyar wani mutumin cikin wasa har na manta. Kuma fuskarsa kamar turmi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Mun gama, da la'asar. Na ɗauki hutun yini don haka.

Yarinyar ta dawo gida da ƙararrawar, uwarta ta fito ƙofa. Shekara uku ba su ga juna ba. Kiɗan ya yi kyau, maganganun sun yi kyau. Fuskar uwar kuwa ko motsi. Yaya da ta riga ta jawo gefen mayafinta za ta share ido, sai ta tsaya. "Wannan uwa ce ko mai jiran mota?"

Na yi dariya har na ƙware. Sannan na ji wani iri. To ashe ban yi ƙarya ba, zanen ya ci amanar labarin a daidai inda ya fi bukatarsa. Kuma zanen nan dai, na hannun mutum ɗaya, shi ne ya yi rigar. Ta yaya ake zuba waɗannan biyun a cikin lamba ɗaya?

Da yau zan ba da maki, bakwai. Ko shida da rabi. Yaya ta ce ita ba ta san wannan ba, ita dai in riga ta zauna a jiki ta zauna, ko da aljihun ya karkace, amma sai ta faɗa wa telan.

Juma'a, 20 ga Yuni

Gyaran ya fita. Sau shida na sake farkonsa, duk ina zagaye-zagaye. Daga ƙarshe na rubuta: abin da na kira kuskure ba kuskure ba ne, awa biyar na buga, kuma jimlar ɗan koyo da ni ta dace. Na bayyana facin. Na nanata maganar fuskoki. Huɗun tana nan a saman shafi, ja, ƙatuwa.

Masu sharhi a ƙasa sun sami nama. Wani ya ce in koma sayar da katin waya. Wani ya ce an saye ni. Wata ta ce ta gode, za ta gwada wasan. Shafukan da suka ɗauki jimlata babu wanda ya ɗauki gyaran.

Na amsa wa mai zanen. Kalma biyu da farko: awa biyar. Sannan sauran.

Talata, 24 ga Yuni

Ya amsa. Ya ce mahaifiyarsa ce take gyaran tsofaffin kaya a kasuwa, a ƙarƙashin teburinta ya koyi zane. Ya ce in gaida Yaya, ita ce ta farko da ya ji ta gane ɗinkin mai kwale-kwale. A ƙarshe, kamar abin da ya tuna a makare, ya ce yanzu su biyu ne. Mai rubuta musu labari ta karɓi aiki a wani kamfanin inshora, tana da yara.

Bai ce saboda ni ba ne. Na karanta sau uku ina neman inda ya ce, ban samu ba. Wataƙila da ma za ta tafi. Ba zan taɓa sani ba.

Na karanta wa Yaya gaisuwar kawai.

Litinin, 7 ga Yuli

Sabon wasa ya zo tun Laraba, na babban kamfani. Kyau kamar me. Ganye na motsi ɗaya-ɗaya, ana ganin gumi a goshin jarumin. Edita ya so sharhi ranar Juma'a. Na ce ban gama ba. Ya ce ba wanda ke gamawa. Na ce to, ban gama ba.

Shafuka uku sun riga mu. Rabon da a riga ni shekara shida.

Ba wani abu ba ne, don kar in yi wa kaina daɗin baki. Wasan ne dogo, kuma akwai wata mai sayar da fitila a gari na biyu da ta ce in dawo bayan ruwan sama, ina so in ga me za ta ce. Dogo ya tambaye ni nawa zan ba shi. Na buɗe baki, sai na ji babu lamba a ciki. Na ce ya bari sai Alhamis.

Ya dube ni ta saman kwamfutarsa. Na ce masa ya yi aikinsa.