An rubuta shiruna a matsayin amincewa

Salama a gare ku, 'yan wannan zaure. Admin, ina roƙo a sakaya sunana; Mushe da za ku gani a nan sunan aro ne. Don Allah ku ba ni shawara, domin na kai inda karatuna bai fisshe ni ba.

Ni dattijo ne a Zinder, tsohon malamin makaranta. A lakwal, wato makarantar mishan, aka yi mini tarbiyya, inda yaro ba ya buɗe baki sai an kira sunansa, kuma haka ni ma na riƙe ɗalibaina har na ajiye alli. Bayan nan ne wata ƙungiyar manoma da mata masu matsar man gyaɗa ta yankin Mirriya ta ɗauke ni magatakarda, saboda ina rubuta Faransanci ba kuskure.

Bara aka ba ƙungiyarmu kujera a wani kwamiti na ƙungiyoyin farar hula na Afirka. Aikin kwamitin shi ne shirya matsaya guda da za a gabatar a babban taron duniya kan yadda ake tafiyar da intanet. A can gwamnatoci da manyan kamfanoni ke cinye lokacin magana, farar hula kuwa ɗan abin da ya rage ake ba su. Cikin kwamitin duka mu kaɗai ne daga karkara, saura mutanen manyan birane ne.

Saƙo ɗaya mutanena suka ba ni. Shugabar matan, wadda zan kira Inna, an sace mata shafin da take tallar mai da ƙuli-ƙuli, ɓarawon ya riƙa yaudarar masu sayenta da sunanta da hotonta. Hanyar kai ƙara wurin kamfanin rubutacciya ce, ita kuwa ba ta karatu, da murya take duk harkarta a waya. Ta ce mini: "Baba Mushe, ka gaya musu mu ma muna ciki. Tunda abin yana ɗaukar muryata in zan yi talla, ya ɗauke ta in zan kai kuka." Na mai da maganar sakin layi guda, cewa a wajabta wa kamfanoni karɓar ƙara da murya, cikin harsunan mutane. Na yi ta gyara shi har babu waƙafin da bai zauna a wurinsa ba, kuma ya shiga daftarin.

A zaman ƙarshe, wanda aka yi ta bidiyo, wani lauya ya ce daftarin ya yi tsawo, a cire wannan sakin layi, wai ƙaramin batu ne. Shugabar zaman ta tambaya ko akwai mai ja. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai na yi abin da dattijo ke yi a Damagaram in an faɗi maganar da ba ta dace ba a gabansa: na naɗe hannu, na kau da kai, na yi shiru, ina jira a lura a tambaye ni. A gaban aji, ko a zaman dattawan majami'a, wannan shirun ya isa a janye magana. Amma rezo, wato layin intanet, ya yi rauni ranar, tun farkon zama na kashe kamara, kuma na manta. Matata ta shigo da ruwa ta tarar da ni haka, ta ce: "Mushe, wa kake yi wa fushi? Tebur?" Kafin in ba ta amsa na ji an ce tunda babu mai ja, an amince baki ɗaya. A ƙa'idarsu wanda ya yi shiru ya yarda. Sunan ƙungiyarmu yana ƙasan takardar.

Washegari na rubuta wa shugabar zaman. Ta amsa da ladabi cewa an riga an miƙa matsayar, an fassara ta, ba a sake buɗewa. Sannan ta sanar da ni cewa kwamiti ni ya zaɓa in je in karanta ta a zauren taron, domin a ga cewa har daga karkara muna da wakilci. Sharaɗin shi ne a karanta ta yadda take, ba ƙari ba ragi, wanda ya saɓa kuwa ƙungiyarsa ta rasa kujera. Na amsa da to, domin ba a koya mini ƙin aikin da aka ɗora mini ba.

Tun daga ranar gidana babu daɗi. Matata ta ce in na tsaya gaban makirfo in ƙara sakin layin kawai, ba wanda zai toshe wa tsoho baki. Na ce mata ni da na sha hukunta yara don sun ƙara kalma ɗaya a dikte, wato shifta, da wane ido zan karya alkawari a gaban duniya. Ɗana, wanda ke aikin jinya, ya ce in karanta yadda take, in riƙe kujerar, a sake gwadawa baɗi. Uwarsa ta ce masa shi ba shi aka sace wa suna ba. In kuma na ƙi tafiya, wancan lauya za a ba, kuma ba zai ma san an yi asarar wani abu ba.

Mutanen Mirriya ba su san komai ba. Inna ta riga ta gaya wa duk kasuwa cewa maganarta za ta fito daga bakina a gaban manyan duniya. Jiya ta aiko cewa tana tafe cikin makon nan da matan ƙungiya, in karanta musu takardar da Hausa kafin in tashi, su ji inda aka sa nasu.

'Yan'uwa, kujerar zan tsare ko saƙon da aka ba ni? Kuma kafin wannan, in matan nan suka shimfiɗa tabarma a tsakar gidana suka ce bisimilla Baba Mushe, me zan karanta musu?